Maganin 'Yar Fari

Ana tsakiyar cirar gyaɗa aka dawo da yarinyar gida Toranke daga ɗakin mijinta a Kademi. A kan babur aka kawo ta, mijinta Kamalu yana tuƙi, ƙanwarsa na riƙe da ita ta baya. Yatsunta sun kumbura sun ƙi lanƙwasawa. A fuska kuma wani baƙi-baƙi ya haye karan hanci ya bazu kumatu biyu, kamar wadda ta leƙa tukunya tururi ya buge ta.

Sunanta Naja'atu. A takarda na iya rubutawa, amma shekara ashirin da shida bakina bai taɓa kama shi ba, domin 'yata ce ta fari. Ran da aka yaye ta yayana Datti ya ɗauke ta zuwa sashensa. Shi da matarsa, Allah ya jiƙanta, suka rene ta, shi ya aurar da ita, shi take ce wa Baba. Ni Baba Ƙarami ne. In muka haɗu a zaure ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon katanga. Uwarta, matata Hure, ta fi ni ma, ita ko ɗakin da yarinyar take ba ta zama. Haka muka tarar ana yi. Saboda haka da aka kawo ta jinya, sashen Yaya Datti aka wuce da ita, ba wanda ya yi shawara da kowa.

Ni kuwa dangin mijin na fara zargi. Na yi shekara ashirin ina raka shanu Kudu a tirela, na ga yadda ake cutar mutum ana yi masa murmushi, kuma yadda Kamalu ya ajiye ta ya juya babur da sauri bai kwanta mini ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, ciwo yana nan. Gashinta ya fara zubewa, in ta fita rana fuskar ta ƙara baƙi. A asibiti a Gaya suka duba, suka rubuta takarda suka ce Kano.

Mu uku muka hau bas daga Ajingi: ita, da Yaya Datti a matsayin uba, da ni a matsayin wanda ya san hanya. Muna shiga asibitin Yaya ya ce warin wurin yana tayar masa da tari, ya koma ƙarƙashin wata bishiya a waje. Dole ni na shiga da ita.

Likitar mace ce, Dokta Surayya, ba ta fi yarinyar da shekara biyar ba. Bayan gwaje-gwaje na kwana biyu ta zaunar da mu.

"Baba, mene ne sana'arka?"

"Noma," na ce. Ba na ba wa mai riƙe da biro labarina a karon farko.

"Kafin noma fa? Wannan hannun ya ja igiya."

Na ce fataucin shanu.

"To, in an loda bijimai talatin a tirela, haka ake sakinsu su kaɗai har Legas?"

"Wa zai yi wannan haukan? Ana sa mutum biyu ko uku a sama, 'yan rakiya. Wanda ya ɗaga ƙaho kan ɗan'uwansa a ƙwala masa sanda, wanda ya faɗi a tashe shi kafin a tattake."

"Madalla. Haka jikin mutum yake. A cikin jini akwai mayaƙa, su ke far wa cuta in ta shigo. A tsakaninsu kuma akwai wasu 'yan kaɗan, su ba faɗa ne aikinsu ba, tsawatarwa ce. Su ke cewa wannan namu ne a bar shi, ko faɗa ya ƙare a koma. A jikin 'yarka masu tsawatarwar nan sun yi rauni, sai mayaƙan suka juya suna sukar gaɓoɓinta da fatarta. Lufus muke ce wa ciwon. Abin da na fi tsoro kada su juya kan ƙoda."

Na ce a raina, wannan ta iya bakinta. Mai iya baki kuwa na saba sa masa ido.

Ta rubuta wasu 'yan fararen ƙwayoyi, ta ce za su yi aikin sandar 'yan rakiya, su kwantar da mayaƙan. Kullum da safe bayan karin kumallo, kuma kada a daina lokaci ɗaya. Za su sa ta cin abinci, kumatu su ciko.

"Amma maganin bai san zaɓe ba," ta ce. "Kowa yake kwantarwa, har masu gadin ƙofa. Akwai mai tari a gidanku?"

"Babu," na ce.

Tarin Yaya na san shi tun yana shan taba, kuma ban ga dalilin kai sunan yayana cikin takardar asibiti ba. Yarinyar ta ɗago kamar za ta yi magana, ta ga na riga ta, ta mai da kai.

Sannan likita ta fito da wata takarda. Wai suna bincike a kan masu tsawatarwar nan, suna neman ƙarin jini cokali ɗaya duk zuwa. In ba a yarda ba, ba abin da zai canza a magani. Ina cikin haɗa kalmar da zan ƙi da ita, yarinyar ta karɓi biro ta sa hannu. Ta yi makaranta, ta karanta abinta. In hana ta, sai na juyo na yi mata magana kai tsaye a gaban baƙuwa. Na ci gaba da kallon kalandar da ke bango.

Magani ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Kafin a gama ɗaure dawa tana tsinke zogale da yatsun da suka ƙi lanƙwasawa. Daga sashenmu muna jin muryarta tana yi wa Yaya faɗa a kan ya ci abinci. Kumatu suka ciko kamar yadda aka ce. Mata suka yi ta shigowa kallo, ana tambayar sunan maganin. A wajenmu magani ba na mutum ɗaya ba ne. In na ciwon baya ya yi maka aiki, ragowar ta maƙwabcinka ce, hana shi kuwa rowa ne.

Wata na uku abu ya juya. Kumatun suka saɓe, baƙin fuska ya dawo. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Matan gida suka gaya wa Hure fitsarinta yana kumfa kamar an kaɗa sabulu, Hure ta gaya mini tana kallon murhu.

"Ko ba ta shan maganin?" na ce.

Hure ta tashi ta buɗe wata kwalla cikin jerenta. Cike take da fatun magani, 'yan ledojin da ƙwayoyin ke zuwa a ciki, waɗanda aka ɓare aka jefar. Ashe duk safiya in ta shiga shara sashen Yaya sai ta tsince su ta ɓoye, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Duba da kanka, Malam. Ba ranar da aka tsallake."

Na duba. Ba a tsallake ba.

Ran kasuwar Ajingi na kai fata ɗaya da ƙwaya ɗaya wajen wani mai kemis da na sani, na ce ya gaya mini gaskiya ko alli ne aka dunƙula. Ya juya, ya karanta, ya fito da irinta daga kanta ya jera su. Ya ce mai kyau ce. Na je wajen na biyu ban gaya masa na je wajen na farko ba. Shi ma haka ya ce.

To, magani mai kyau ne, kuma ana sha. Me ya rage? Jinin nan. Duk zuwa sai an cika 'yan kwalabe, a liƙa musu takarda, a sa a akwatin sanyi, a yi ciki da su. Ina ake kai su? Wa ya gani? Na fara lissafin cewa mai bincike ba ya son ciwo ya ƙare da wuri, don in ya ƙare me zai bincika? Wataƙila an ɗaga ta ne mu saki jiki, sannan a sake ta a ga yadda za ta faɗi. Na ga an yi wa dabba haka.

Da ranar komawa ta zo, Yaya ya ce jikinsa ba ya son mota, mu je. Na shiga ofishin da maganata a shirye.

"Likita, ina son a daina ɗibar jinin nan."

"An daina daga yau, in ita ta ce haka," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta dubi yarinyar. Yarinyar ta dubi ƙasa ta gyaɗa kai. Likita ta ja layi a takarda. Saurin yardar ma ya dame ni.

"Yanzu ni ma ina da tawa," ta ce. "Abin da na ji tsoro ya fara. Ƙoda tana zubar da abin da bai kamata ta zubar ba. Naja'atu, kina shan maganin yadda na ce?"

"Eh."

"Kullum?"

"Eh." Da ƙyar aka ji.

"Fatun suna nan a gida," na ce. "In kina so in kawo miki kwalla guda."

"Baba, fata ba ciki ba ce. Wannan fuskar ba ta mai shan abin da na rubuta ba ce, gwajin ma haka ya nuna. Akwai magani mai ƙarfi da zan iya ƙarawa, amma ba zan ɗora shi a kan abin da ban tabbatar ba. Ina son mutum ɗaya ya tsaya kullum ya ga ta haɗiye da idonsa. Mako biyu. In ƙodar ta ci gaba a haka, za mu kai inda ba a dawowa."

A mota na yi ta juya maganar. Mai laifi in an matsa shi yakan tura laifin gida, wannan tsohuwar dabara ce. Duk da haka da muka iso na shiga wajen Yaya na gaya masa abin da aka ce, na ce shi ne uba, shi zai tsaya.

"Ai kullum a gabana ake ɓarewa," ya ce. Hankalina ya kwanta, zargina ya koma Kano.

Ran Juma'a da hantsi Kabo wanzami ya zo yi mana aski a ƙofar gida. Ya gama da Yaya, ya rage masa gemu, ya ja baya yana kallon aikinsa.

"Kai, Malam Datti! Wace bazawara ce take kawo maka abinci a ɓoye? Ka ga kumatu kamar na sabon ango."

Aka yi dariya. Yaya ya yi dariya shi ma, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ya toshe baki da tsumma, ya yi maza ya tura shi aljihu. Amma na ga ja a jikin tsumman.

Kullum ina ganin yayana, ban taɓa dubansa ba sai ranar. Hula a cire, gemu a rage, rana a kansa. Fuska ta yi tim, wuya kuwa kamar na zakaran da aka fige, hannaye kamar kara. Na san wannan ƙibar. A kasuwa akwai masu ɗura wa ramammiyar saniya kanwa da ruwa da asuba, ta yi ciki ta yi sheƙi, baƙo ya ga ƙiba. Mu da muka san aikin ƙashin baya muke dubawa. Kuma na san inda na taɓa ganin irin kumatun nan, wata biyu da suka wuce, a fuskar da ba na kallo sai ta gefen ido.

Na jira Kabo ya naɗe jakarsa ya tafi.

"Yaya, me kake sha?"

"Fura. In ka saya mini."

"Ban da fura."

Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe ta, ya daɗe yana gyara mata baki.

"Maiwada, tun kana yaro ba ka iya barin abu ya wuce ba." Ya sa hular. "Yarinya ce ta ga ba na cin abinci, ga zazzaɓi duk yamma. Ta ba ni biyu in gwada. Wallahi washegari sai da na lashe kwano, zazzaɓin kuma ɗif. Sai na ce ta riƙa raba mana. Magani mai ƙarfi haka, rabi ya ishi mace."

"Rabi take sha ke nan?"

"Da farko." Ya gyara zama. "Zazzaɓin ya dawo, na ƙara. Ita ta ce ta warke, in sha. Yanzu takan ɗauki ɗaya. Wata rana ta ce ta riga ta sha."

"Ka san ƙafarta ta kumbura?"

"Na ce mata sanyi ne." Muryarsa ta sauka. "Maganin da ya tashi mace daga kwance, me zai yi wa tsoho in ba alheri ba?"

Ban iya yi masa faɗa ba. Yana ƙarƙashin bishiya lokacin da aka yi bayani. Ni ne na ji, ni ne kuma aka tambaya na ce babu.

Na zaga bayan rumbu na kira lambar da likita ta rubuta a bayan kati. Na gaya mata duka, har da ƙaryar da na yi mata. Na jira ta rama. Ba ta rama ba, tambayoyi ta jero: tun yaushe yake tari, yana gumi, ya rame, a ina yarinyar take kwana.

"Ina zargin tarin fuka ne," ta ce. "Baba, ka tuna masu tsawatarwa? Ita nata sun yi rauni. Shi kuwa wannan cutar wayo gare ta, takan tara su a inda ta ɓuya cikin huhu, su yi ta kwantar da mayaƙa, ita tana zaune shekara da shekaru. Jikinsa ƙarin faɗa yake nema, sai aka ba shi abin da ya ɗaure sauran mayaƙan. Zazzaɓin da ya ji ya tafi, faɗan ne aka tsayar, ba cutar ba."

"In ƙwace maganin yanzu?"

"A'a! Kada ya daina lokaci ɗaya, jikinsa ya saba, sai a hankali za mu janye. Ka kawo su gobe su biyu. Kuma daga yau kada ta ƙara kwana a sashe ɗaya da shi. Masu gadinta a kwance suke."

Gwaji ya nuna tarin fuka ne, ya ci gefen huhu ɗaya. Aka ɗora Yaya a kan magani na wata shida, a nan kusa zai riƙa karɓa. Hoton ƙirjin yarinyar ya fito lafiya, amma aka ba ta na rigakafi, aka kuma ƙara mata na ƙoda. Tana jin sakamakon Yaya ta fashe da kuka a gaban mutane tana cewa ita ta kashe Baba. Yaya ya ce mata ta yi shiru, bai mutu ba tukuna, kuma in ya mutu taba ce.

Muka dawo da ita sashenmu, ɗakin da aka haife ta, wanda ba ta ƙara kwana a ciki ba tun yaye. Hure ta share, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta fice kafin yarinyar ta shigo.

Saura wanda zai tsaya ya ga an haɗiye. Yaya ba hali. Na dubi Hure, ta ce in na ga dama in sake ta, amma ba za ta iya ba. Kamalu yana Kademi. Na yi tunanin matan gida, sai na tuna su ne masu tambayar sunan maganin, kuma kowace tana da mai ciwon baya.

Washegari bayan an sha koko na ɗauki moɗa da ruwa, na ɓare ƙwayoyin a tafin hannuna, na tsaya a bakin ƙofa na yi gyaran murya. Ta fito ta durƙusa. Na miƙa mata ina kallon katanga, kamar kullum. Na ji ta karɓa. Na ji ta kurɓi ruwa.

Har na juya zan tafi, sai na tuna fata ba ciki ba ce. Na dawo.

"Buɗe hannun."

Ba ta buɗe ba. Ta ƙara dunƙule shi a cikin zane.

"Baba Ƙarami, jiya bai ci komai ba. Na ji shi yana amai. Guda biyu kawai."

"Yana da nasa. Wannan shi ya kusa kai shi lahira."

"Shi ya sa shi cin abinci."

Ta katanga ba za a yi wannan maganar ba. Na tsuguna a gabanta har gwiwata ta yi ƙara, na dube ta sosai. Ashe tana da wushirya irin ta mahaifiyata. Shekara ashirin da shida ban sani ba.

"Naja'atu," na ce. Sunan ya fito da nauyi, kamar ba a bakina aka yi shi ba. "Sha ina kallo."

A bakin murhu na ji ludayi ya faɗi daga hannun Hure. Yarinyar ta zuba mini ido, ta buɗe hannun a hankali. Duka suna nan, sun fara narkewa da gumi. Ta watsa a baki ta kora da ruwa.

"Ɗaga harshe."

Ta ɗaga. Babu komai.

Daga bayan katanga muryar Yaya ta taso, a shaƙe amma da ƙarfinta. "Maiwada! Me na ji? Tsufa ya cire maka kunya ke nan?"

"Ka sha naka, Yaya?"

"Na sha. Ɗaci kamar halinka."

"Zan zo in duba harshen."

Mako biyu muka koma, likita ta ce zubar ta tsaya inda take. Bayan wata biyu ta ce ta ragu sosai. Ƙodar ta samu tabo, ba za ta koma kamar da ba, amma za ta riƙe ta in ba a ƙara wasa da magani ba. Takalmi ya shiga. Yaya ya saɓe ya koma ramammensa na gaskiya, sannan ya fara ciko a hankali, ta wuya da hannu, irin ƙibar da ake saye.

Naja'atu ta ce a mai da ita cikin binciken, ta sake sa hannu. Ban hana ba. Amma duk ran da za a ɗiba ina tsaye a kan nas ɗin, ina kallon kwalbar. Cokali ɗaya aka ce.